Sha Biyun Dare Ba Ta Raba Hadari Gida Biyu: Jan Hankali Ga Masu Bincikenmu

Idan aka kwana ana ruwa a ƙasar Hausa, da gari ya waye ba za ka taɓa jin manomi ya ce an yi ruwa biyu, ɗaya kafin sha biyun dare ɗaya bayanta ba. Abin da zai ce shi ne ruwan daren jiya ya yi albarka, sannan ya ɗauki fartanya ya tona ƙasa ya ga inda lema ta tsaya. Amma da za a kai wannan ruwa gaban kwamfutar da mafi yawan masu bincikenmu ke tara bayanansu a cikinta, sai ta tsaga shi gida biyu, ta jefa rabi a jakar Talata, rabi a jakar Laraba, don kawai agogo ya buga sha biyu ana tsakiyar zuba. A kan wannan al'ada nake son jan hankalin malaman jami'o'inmu da ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje da injiniyoyi da ɗaliban da ke rubuta kundin digiri. Ra'ayina shi ne, fayilolin samfuran bincike kusancin lokacin da aka ɗauke su ya kamata ya haɗa su rukuni guda, kwanan wata kuwa ya tsaya a matsayinsa na alamar da ake neman abu da ita.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai ƙaramar magana ce ta masu dannar kwamfuta. To, mu duba yadda abin yake. Kusan kowace na'urar awo ta zamani, tun daga ma'aunin ruwan sama mai sarrafa kansa har zuwa injin tantance jini, tana fitar da fayil ɗauke da rana da sa'ar da aka yi awon. Hanya mafi sauƙi ga mai tarawa ita ce ya buɗe wa kowace rana jakarta, kuma daga nan lissafi ke farawa: jimillar rana, matsakaicin rana, mafi girman awon rana. Illar da ke ciki kashi biyu ce. Samfurin da aka ɗauka ƙarfe 11:50 na dare da wanda aka ɗauka ƙarfe 12:10, minti 20 kacal tsakaninsu, sai a raba su kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Shi kuwa wanda aka ɗauka ƙarfe 7 na safe da wanda aka ɗauka ƙarfe 9 na dare, awa 14 tsakaninsu, sai a cusa su jaka ɗaya a fitar masu da matsakaici guda. An raba 'yan uwa ke nan, an kuma haɗa baƙi zama.

Ya kamata mu tuna cewa fara rana daga tsakar dare yarjejeniya ce ta mutane. A watan Oktoba na 1884 ne wakilan ƙasashe 25 suka taru a birnin Washinton na Amurka suka amince da cewa ranar bai-ɗaya ta duniya za ta riƙa farawa daga tsakar dare a agogon da muka sani da GMT. An yi haka ne domin sauƙaƙa zirga-zirgar jiragen ruwa da na ƙasa da aika saƙon tangaraho, kuma ya yi amfani matuƙa. Mu kanmu muna da wani lissafin da ya girmi wannan. A ƙidayar Musulunci rana tana shiga ne da faɗuwar rana, shi ya sa idan Bahaushe ya ce daren Juma'a yana nufin daren da ke tsakanin Alhamis da Juma'a, kuma da kwana muke ƙirga tafiya da jinya da zaman makoki. Masana taurari su ma sun daɗe da gane cewa tsakar dare mummunan wuri ne na yanka, tunda a lokacin ne aikinsu ke kan ganiyarsa. Saboda haka ranarsu da tsakar rana take farawa, kuma sai a ranar 1 ga Janairun 1925 kundayen lissafinsu suka koma bin tsakar dare. Duk da haka, jerin lambobin kwanakin da suke kira ranar Juliyan har yau da tsakar rana yake juyawa.

Babu inda wannan matsala ta fi shafarmu kamar a awon ruwan sama. Mafi yawan ruwan da ke sauka a yankin Sahel manyan hadurra ne ke kawo shi, irin waɗanda ke tasowa daga gabas da iska da ƙura a gabansu, su nausa yamma da gudun da kan kai kilomita 50 a awa guda. Sau da yawa da la'asar suke haɗuwa, su yi ta tafiya cikin dare. Shi ya sa bincike ya nuna cewa a birnin Yamai ruwa ya fi sauka a ƙarshen dare zuwa asuba, domin hadarin da ya taso a tuddan gabas, irin su duwatsun Azbin, sai a lokacin yake isowa. A ƙaddara hadari ya fara zuba ƙarfe 10:30 na dare ya ɗauke ƙarfe 1:30, ya sauke milimita 80. Jakar kwanan wata za ta iya nuna milimita 45 yau, 35 gobe. Wanda ya zo bayan shekara goma yana duba alƙaluman zai ga kwana biyu na matsakaicin ruwa, alhali abin da ya faru ruwa ne kamar da bakin ƙwarya cikin awa uku, irin wanda ke cika kwata ya kwantar da katangar laka.

Masana yanayi sun san da wannan tun tuni, shi ya sa ake karanta ma'aunin ruwa da safe. A Birtaniya ƙarfe 9 na safe agogon GMT ake karantawa a rubuta adadin a kan ranar da ta gabata. A Ostireliya ma ƙarfe 9 ake karantawa, amma a kan ranar da aka karanta ake rubutawa. A Indiya kuwa ƙarfe 8:30 ne. Ka ga ke nan ruwan dare ɗaya yana iya ɗaukar kwanan wata daban daban gwargwadon ƙasar da ya sauka. Kuma matsar da layin zuwa safiya rage matsalar kawai yake yi, domin a wuri irin Yamai, inda hadari kan iso da asuba, layin safen ma yana iya faɗawa tsakiyar ruwa. Duk inda aka kafa layi tsayayye, wata rana sai ya yanka wani abu a tsakiya.

An ma auna girman wannan asara. A 1961 wani masanin Hukumar Yanayi ta Amurka, David Hershfield, ya nuna cewa idan ana son sanin ainihin ruwa mafi yawa da ya sauka cikin kowace awa 24, sai an ninka mafi girman adadin da littafin rana-rana ya bayar da 1.13. Wato sai an ƙara kashi 13 cikin 100 a kan adadin littafin saboda wurin da aka ja layi kawai. Da irin waɗannan alƙaluma injiniya ke yanke faɗin kwalbati da zurfin magudana da girman mafitar ruwa ta madatsa. Mu da muka ga ɓallewar madatsar Bagauda a 1988, da ta Alau da ta mamaye Maiduguri a watan Satumbar 2024, da ambaliyar Mokwa da ta biyo bayan ruwan dare a ƙarshen watan Mayun 2025 ta ci rayuka fiye da 150, bai kamata a yi mana dogon bayani kan muhimmancin sanin ƙarfin ruwa ba. Ba ina cewa tsarin ajiye fayil ne ya jawo waɗannan masifu ba. Kowace da nata dalilan. Abin da nake cewa shi ne, wanda zai gina abin da zai tare ruwan gobe yana da haƙƙin a ba shi ruwan jiya yadda ya sauka. Balle kuma binciken da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa yawan hadurra mafiya tsanani a Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982.

Mafita kuwa ba sabuwa ba ce, kuma a maƙwabtanmu aka gwada ta. A 1990 masu bincike na Faransa da hukumar yanayi ta Jamhuriyar Nijar suka shimfiɗa ma'aunan ruwa masu sarrafa kansu kusan 100 a kewayen Yamai, a aikin da aka sani da EPSAT-Niger. Da suka zo lissafi, da hadari suka yi ƙidaya. Sun ɗauki ruwa a matsayin aukuwa guda idan ya taɓa aƙalla kashi 30 cikin 100 na ma'aunan, kuma suna ɗaukar ya ƙare ne idan aka yi minti 30 babu ma'aunin da ya ga ɗigo. Haka nan a fannin zaizayar ƙasa, ƙa'idar da Wischmeier da Smith suka fitar a Amurka a 1978 tana raba ruwa da ruwa ne idan aka sami tazarar awa 6 da abin da ya sauka a cikinta bai kai milimita 1.3 ba. Su ma masu nazarin girgizar ƙasa, tun daga aikin Gardner da Knopoff na 1974, kusancin lokaci da na wuri suke bi wajen haɗa babbar girgiza da ƙananan da ke biyo bayanta.

Kada likitocinmu su ɗauka maganar ta masu awon ruwa ce kaɗai. Tsutsar da ke haddasa tundurmi da wani nau'in gwaiwa tana da wata ɗabi'a da Patrick Manson ya gano a ƙarshen shekarun 1870 a birnin Amoy na ƙasar Sin: 'ya'yanta ba sa fitowa cikin jinin da ke kusa da fata sai da dare, daidai lokacin da sauro ke cizo. Saboda haka idan ana son ganinsu a madubin likita, tsakanin ƙarfe 10 na dare da 2 na dare ake ɗibar jini. Tsakar dare ta faɗo daidai tsakiyar aikin ke nan. Ayarin ma'aikatan da suka shiga ƙauye guda suka ɗebi jinin mutane a zama ɗaya za su tarar kwamfuta ta mayar da aikinsu na kwana biyu, kuma idan washegari da dare suka shiga wani ƙauyen, rabin ƙauyen farko da rabin na biyu za su kwana jaka ɗaya. Wannan cuta ce da jihohin Filato da Nasarawa suka yi shekaru suna yaƙa tare da Cibiyar Carter kafin a sanar da kawar da ita a can a 2017, kuma sauran jihohi na kan hanya. Haka abin yake ga masu kamun sauro domin nazarin zazzaɓi, waɗanda ke zama daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, irin aikin da aka yi a shirin Garki na Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya daga 1969 zuwa 1976, a yankin da yanzu ke cikin jihar Jigawa. Ma'aunin mai wannan aiki dare ne, kuma kowane dare kwanan wata biyu gare shi.

A cikin ɗakin gwaje-gwaje ma akwai wata illar da ta fi ɓuya. Samfuran da aka sarrafa a zama ɗaya, da sinadari ɗaya, a hannun ma'aikaci ɗaya, bayan an saita inji sau ɗaya, sukan yi kama da juna ta hanyar da ba ta da alaƙa da cutar da ake nema. A 2010 Jeffrey Leek da abokan aikinsa suka wallafa wani nazari da ya nuna yadda wannan tasirin rukuni ya yaɗu a binciken ƙwayoyin halitta, har yakan sa a ɗauki bambancin aiki a matsayin bambancin halitta. Masu lissafi suna da dabarun cire wannan tasiri, amma sai an gaya masu wane samfuri ne ya fito daga wane zama, kuma abin da aka saba miƙa masu shi ne kwanan watan da aka yi aikin. A ƙasa irin tamu, inda mai bincike kan jira dare domin a lokacin ne wuta ta fi zama, ko ya tsaya tsakiyar aiki har a tayar da janareta, kwanan wata ba ya faɗin gaskiyar zaman. Samfuran bayan sha biyu za su rabu da 'yan uwansu su haɗu da na ma'aikacin safe, wanda ya buɗe sabon sinadari ya sake saita injin. Wanda ya yi gyara a kan wannan rabo ya gyara abin da bai lalace ba ya bar wanda ya lalace.

Yadda ake yin abin da nake kira a yi bai fi ƙarfin ɗalibin da ya iya Excel ba. A jera fayilolin duka bisa lokacin da aka ɗauki samfurin, daga na farko zuwa na ƙarshe. A fitar da tazarar da ke tsakanin kowane fayil da wanda ya gabace shi. A tsayar da iyaka, a ce awa 2. Duk inda tazarar ta haura iyakar sai a buɗe sabon rukuni, inda ba ta kai ba kuwa fayil ya bi na gabansa. Wajen zaɓen iyakar, a fara duban tazarorin kansu. A mafi yawan ayyuka za a tarar sun kasu gida biyu a fili: gajeru na mintuna a cikin zama, da dogaye na awoyi tsakanin zama da zama. A cikin sararin da ke tsakanin gidajen biyu ake kafa iyaka.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko za su ce ita ma iyakar tazarar ai mutum ne ya zaɓe ta, to me ya raba ta da sha biyun dare? Gaskiya ne, har ma wani nazari da David Dunkerley ya yi a 2008 ya tarar masu binciken ruwan sama suna amfani da iyakoki tun daga mintuna kaɗan har zuwa awa 24. Bambancin shi ne, mai zaɓen tazara ya san ya yi zaɓi, yana iya kare shi da yanayin abin da yake aunawa, yana kuma iya gwada awa 1 da awa 3 da awa 6 ya ga ko sakamakonsa ya tsaya da ƙafarsa. Mai bin kwanan wata kuwa an yi masa zaɓin tun 1884 bai ma sani ba. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta iyakar ƙarara a cikin rahoto, kuma a tsayar da ita kafin a ga sakamako, don kada a yi ta murɗa ta har ta ba da amsar da ake so.

Na biyu za su ce na'urar da ke awo kowane minti 10 ba dare ba rana ba ta da tazarar da za a yanka, sai wata guda ya zama rukuni ɗaya. Wannan ma haka ne, kuma a irin wannan yanayi sai a nemi abin da ke raba aukuwa da aukuwa a cikin awon kansa, kamar ɗaukewar ruwa, ko a yi amfani da taga mai tafiya ta awa 24 da ba a ɗaure ta da tsakar dare ba. Haka kuma kusancin lokaci shi kaɗai ba ya isa idan mutum biyu na aiki daban daban a kan inji ɗaya. Dole a haɗa da lambar inji da sunan wuri da na ma'aikaci.

Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne batun tarihi. Muna da littattafan ruwan sama na rana-rana da suka faro tun zamanin Turawa, kuma da su ake gane sauyin yanayi. Ƙa'idar da Sivakumar na cibiyar ICRISAT da ke kusa da Yamai ya fitar a 1988 domin gane faɗuwar damina, wato milimita 20 cikin kwana 3 a jere ba tare da fari na fiye da kwana 7 a cikin kwana 30 masu biyowa ba, a kan alƙaluman rana-rana ta ginu. Ba na kira a yar da wannan gado, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya adana cikakken lokacin kowane awo yana iya fitar da jimillar rana a duk sa'ar da ya so, ko ta tsakar dare ko ta ƙarfe 9 na safe. Wanda ya adana jimillar rana kaɗai ya yar da sauran kuwa, har abada ba zai iya dawo da hadarin ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake roƙo. Da farko, kowane fayil ya ɗauki cikakken lokacinsa a cikin sunansa ko a cikin cikinsa: shekara, wata, rana, awa, minti, bisa tsarin ISO 8601 da aka fara fitarwa a 1988. Lokacin da kwamfuta ke liƙa wa fayil ba abin dogaro ba ne, domin yana iya canzawa idan aka kwafe shi zuwa filasha ko aka aika ta intanet. Na biyu, a rubuta agogon da aka bi. Najeriya da Nijar suna gaban GMT da awa guda, don haka na'urar da aka shigo da ita a saite da GMT sai ƙarfe 1 na dare take juya rana a Kano, kuma na'urori biyu a ɗaki ɗaya suna iya saɓawa a kan kwanan watan samfuri guda. Na uku, a riƙa duba agogon na'ura bayan kowace ɗaukewar wuta, domin wasu sukan koma tsohon kwanan watan da masana'anta ta saka masu idan batirin cikinsu ya mutu. Na huɗu, a bar fayilolin asali yadda suke, a yi rabon rukuni a wani jadawali na dabam, ta yadda wanda ya zo daga baya zai iya sake rabon da tasa iyakar.

Ga shugabannin sassa da masu duba kundin digiri a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da sauran jami'o'inmu, tambaya ɗaya nake so su ƙara a kan waɗanda suke yi wa ɗalibi ranar kare kundinsa: da me ka haɗa samfuranka rukuni rukuni, kuma me ya sa? Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, wadda dokar 2003 ta kafa, da hukumomin raya koguna da ma'aikatun lafiya na jihohi su ma ya dace su tabbatar da cewa bayanan minti-minti da sababbin na'urori ke fitarwa ana adana su cikakku, kuma mai bincike na iya samunsu ba tare da ya sha wahala ba. Wannan gyara ba ya buƙatar kwangila ko sabon gini, abin da yake buƙata shi ne a tsara shi tun ranar da aka kunna na'ura, tunda Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Kuɗin da ake kashewa wajen ɗibar samfuri a ƙauye cikin dare, da wahalar ma'aikacin da ya hana idonsa barci, sun fi ƙarfin a bar agogon bango ya yanke hukuncin yadda za a karanta su. Allah Ya sa masu abin su ji, su kuma gyara.